Ra'ayinmu: Gidajen ɗori da gyaran baya sun cika, suna buƙatar ma'aikata da tsari

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin kasuwanninmu na kan iyaka, tun daga Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya, Mai'aduwa da Maigatari, ya san cewa bayan layin duwan da layin ƴan canji akwai wani layi na uku wanda ba a cika magana a kansa ba. Shi ne layin da ke ƙofar masu ɗori, masu tausa da ɗakunan gashin ƙashi. Ranar Litinin da Juma'a a Maraɗi, ko ranar Alhamis a Maigatari, tun kafin rana ta ɗaga za ka tarar da mutane zaune a gindin bango, wani ya tallabe hannu, wani ya dafe ƙugu, wani an kwanto shi a amalanke. Mutanen nan namu ne: ƴan dako, masu lodin kamyo, ƴan kabu-kabu, direbobi, mata masu ɗaukar kaya a ka, har da alhazan da suka shafe shekaru suna zaune wuri ɗaya suna ƙirga kuɗi. Ra'ayin wannan jarida shi ne, yawancin gidajen nan sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma muddin ba a sama musu ma'aikata da tsarin aiki ba, cikar da suke yi za ta zama masifa ga marasa lafiya da masu gidan baki ɗaya.

Ciwon baya ba ƙaramin al'amari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu da ƙasan baya, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da shekarar 2050. Babu wata larura da ta fi shi hana mutane aikinsu a duniya. Mu kuwa a nan muna da dalilai na musamman. Tun a shekarar 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar cewa kada nauyin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55, amma buhun gero, masara ko wake a kasuwanninmu yakan kai kilo 100, kuma ɗan dako ɗaya ke saɓa shi a wuya ya hau katako da shi zuwa saman mota. Haka zalika, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa farkon 2024, kaya da yawa sun koma kan babura da kawunan mutane, suna bin hanyoyin daji da dare. Kowa ya ga abin da ya biyo baya na karaya, targaɗe da gocewar ƙashi.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ɗori sana'a ce ta gado mai daraja a ƙasar Hausa, har a wasu garuruwa akwai sarautar Sarkin Ɗori. Mai ɗori yana cikin unguwa, yana jin harshenka, ba ya neman ka ajiye kuɗi kafin ya taɓa ka, wani lokaci ma tiyar hatsi ko kaza ta isa. Asibitocin da ke da likitocin ƙashi kuwa suna da nisa ga mafi yawan jama'a. Mai karaya daga ƙauyen kan iyaka sai ya nufi Maraɗi, Damagaram, Galmi ko Yamai, ko ya tsallaka zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano, ga kuɗin mota, ga na hoton ƙashi, ga na mai jinya. Saboda haka ba ma cikin masu cewa a rufe gidajen ɗori da tausa. Ko an ce a rufe ba za su rufu ba, sai dai su koma lungu inda babu mai ganin abin da ake yi. Abin da muke magana a kai shi ne yadda za a gyara tafiyarsu.

Mu duba yadda rana ke tafiya a gidan da ya yi suna. Maigida shi ne mai duba ciwo, shi ne mai ɗaurawa, shi ne mai karɓar kuɗi da ba da canji, shi ne mai amsa salula, shi ne mai raba faɗa a kan layi, shi ne kuma mai aika yaro sayen man shanu da ƙyalle. Mu yi lissafi irin na kasuwa. Awa 8 minti 480 ne. Idan kowane mara lafiya yana cin minti 10 na aiki da wasu minti 5 na ciniki, neman canji da amsa waya, mutum 32 kaɗai za a gani, kuma kashi ɗaya cikin uku na ranar ya tafi a kan abin da ba gwanintar maigida ba. Da wani ne ke ɗauke masa wannan hidima, da ya ga mutum 48, ko kuma, abin da ya fi alheri, ya tsaya a kan 32 ɗin ya ba kowa minti 15 cikakku. To amma da yake babu mai ɗauke masa, kuma layi ba ya jira, sai a rage daga lokacin duba ciwon.

Daga nan ne ɓarna ke shigowa. Babu littafi, don haka wanda aka ɗaura wa ƙafa makon jiya idan ya dawo babu mai tuna ranar da aka ɗaura, balle irin karayar. Babu lamba, don haka mai babbar riga ya tsallake layi, ɗan dako ya yini bai ci ba bai yi aiki ba. Babu farashi a fili, sai a yi ta rigima bayan an gama aiki. Mata su zauna cikin maza suna jin nauyin faɗin abin da ke damunsu, wasu ma su fasa su koma gida. Mafi muni kuma, idan maigida ya gaji ko ya tafi ɗaurin aure, sai ƙanensa ko yaron gida wanda iyakarsa riƙe ƙafa ya ɗauki aikin, jama'a kuwa ba su san an yi canjin hannu ba, domin sunan gidan suka zo nema.

Likitocin ƙashi a Nijar da Najeriya sun daɗe suna kokawa kan abu ɗaya, wato ɗaurin da aka tamke fiye da kima. Gaɓar da ta karye tana kumbura a kwanakin farko, idan karan ɗori ya matse ta jini ba ya gudana, cikin ƴan awoyi nama ya fara mutuwa, daga ƙarshe a kai ga yanke hannu ko ƙafa, kuma yara ne suka fi shiga wannan hali. Alamomin a bayyane suke: yatsu su kumbura, su yi sanyi, su canza launi, ko su daina ji, ga zafin da ba ya lafawa. Wanda aka ce ya dawo gobe a duba shi zai tsira. Wanda aka sallama ba tare da an faɗa masa komai ba, saboda mutum 30 na jira a waje, shi ne abin tausayi. Haka ciwon baya yake. Mafi yawansa yana warkewa cikin makonni, amma akwai wanda tausa da murɗawa ke ƙara masa haɗari: idan ƙafafu sun yi rauni, idan mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, idan tsakanin cinyoyi ya mutu, idan akwai zazzaɓi, rama ko tari mai daɗewa, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya, ko kuma idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga mota. Tambayoyi biyar ko shida sun isa a gano irin waɗannan, amma sai an samu mai yin tambayar. Wanda kuma ya gaji da layi, sai ya faɗa hannun mai tallan ƙwaya ya sayi tramol ya koma ɗaukar buhu, ciwo na nan, ga jaraba ta ƙaru.

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin wannan darasi. Ranar da mutum ya fara da tebur shi kaɗai ya isa. Da shago ya buɗe sai ya ɗauki yaro. Da kaya suka fara zuwa mota-mota sai ya nemi mai littafi da mai kula da sito, shi kuma ya tsaya kan abin da babu mai yi masa, wato sanin kaya da sanin mutane. Kun ga kuma yadda manyan shaguna suka durƙushe alhali ciniki na tafiya, don kawai babu mai rubuta bashi. Gidan magani ma haka yake, sai dai a nan asarar ba ta tsaya ga jari ba.

Ba mu ne farkon waɗanda suka fuskanci wannan matsala ba. A Amurka akwai wata sana'a ta gyaran ƙashin baya da hannu da ake kira kirofiraksi, wadda tarihinta ya yi kama da na masu ɗorinmu ta fuskoki da dama. Wani mutum ne mai suna Daniyel Dabid Falma ya fara ta a garin Dabenfot na jihar Ayowa a shekarar 1895, ba tare da ya yi karatun likita ba. Ya buɗe makaranta a 1897, a 1906 kuma aka ɗaure shi bisa laifin yin aikin likita ba da izini ba. Ɗansa ne ya bunƙasa sana'ar, har ya mallaki gidan rediyo a 1922 yana tallata ta. Jihar Kansas ce ta fara yi mata doka a 1913, sai a 1974 jihar ƙarshe, Luwiziyana, ta bi sahu. Yau masu lasisin wannan aiki a Amurka sun kai kimanin 70,000. Iƙirarin farko da Falma ya yi, cewa kusan kowace cuta daga gocewar ƙashin baya take, binciken kimiyya bai tabbatar da shi ba. Abin da aka tabbatar shi ne gyaran baya da hannu yana taimaka wa wasu masu ciwon ƙugu, gwargwadon yadda motsa jiki da makamantansa ke taimakawa.

Abin da ya dame mu a nan shi ne yadda suka tsara gidajensu da jama'a suka yi yawa. Sun raba aiki gida biyu. Akwai aikin hannu, wanda mai lasisi kaɗai doka ta yarda ya yi. Akwai kuma aikin hidima, wanda mataimaka ke yi: tarbar mara lafiya, rubuta tarihin ciwonsa, ba da rana da lokaci, kiran wanda bai dawo ba, shirya ɗaki, karɓar kuɗi da bin kamfanonin inshora. A wasu jihohi sai mataimakin ya yi horo ya samu takarda kafin a bar shi ya shiga ɗakin jinya, kuma ko ya samu, ba shi da ikon murɗa wuya ko bayan kowa. Idan gida ya ƙara girma, maigida yakan ɗauki ƙaramin abokin aiki mai lasisi, idan zai yi tafiya kuma ya ɗauko wani mai lasisi na wucin gadi, kuma a sanar da marasa lafiya. Har kamfanoni suka taso waɗanda sana'arsu kenan, su samo ma'aikata, su horar da su, su riƙe lissafi, wasu ma ta intanet suke amsa waya daga ƙasashe irin su Filifin. Sirrin mara lafiya kuwa akwai dokar tarayya ta 1996 da ke kare shi. Wani kamfani mai suna The Joint, wanda aka kafa a jihar Arizona a 1999, ya haura rassa 900 a shekarar 2023, ana biyan kuɗi wata-wata kamar kuɗin ruwa.

Sai dai kada a ɗauka duk abin da ya fito daga can gwal ne. Su kansu Amurkawa suna sukar yadda wasu gidajen suka mayar da mataimaka dillalai, aikinsu shi ne lallashin mutum ya biya kuɗin zuwa sau 30 ko 40 tun kafin a ga yadda jikinsa zai karɓi na farko, ko a tsorata shi da hoton ƙashi alhali babu abin tsoro. Murɗa wuya da ƙarfi ma, ko da yake ba kasafai ba, an danganta shi da yagewar jijiyar jini da shanyewar ɓarin jiki. Darasin da za mu ɗauka shi ne raba aikin hannu da aikin hidima. Wanda za mu guje wa shi ne auna ma'aikaci da yawan kuɗin da ya tatso daga mara lafiya.

Akwai kuma batun horo, wanda ya kamata kowa ya sani domin kada a yi masa sakiyar da ba ruwa. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar koyon kirofiraksi: aƙalla awa 4,200 cikin shekara 4, daga ciki awa 1,000 na aiki a kan marasa lafiya ƙarƙashin idon malami. Faransa ta halatta sana'ar a 2002 bisa sharaɗin karatu, a nahiyarmu kuma jami'o'i biyu na Afirka ta Kudu, a Durban da Johannesbag, suna koyar da ita. Don haka idan kuka ga wanda ya tafi birni mako biyu ya dawo da farar riga, da gado mai ƙarfe, da allon da aka rubuta dokta, ku tambaye shi takardarsa da wanda ya ba shi. A Disamban 2023 hukumar ta sake fitar da shawarwari kan ciwon ƙugu mai daɗewa, inda ta amince da wayar da kan mara lafiya, motsa jiki, tausa da gyaran baya da hannu, ta kuma hana dogaro da ƙwayoyi masu bugarwa dangin tramol, da ɗamarar ƙugu, da jan mutum da na'ura. Wayar da kai da koyar da motsa jiki aiki ne mai cin lokaci, kuma irin aikin da horarren mataimaki zai iya ɗauka.

To me muke nema a gidajenmu? Na farko, mai littafi a bakin ƙofa. Matasan da suka gama kwaleji ko lise suna zaune babu aiki a kowane gari, wanda ya iya boko ko ajami ya isa. Shi zai ba da lamba, ya rubuta suna, gari, lambar waya, ranar ciwo da abin da aka yi, ya yi tambayoyin haɗari da muka ambata, ya shigar da yaro, tsoho da mai zubar jini gaba da kowa. Shi zai kira duk wanda aka ɗaura wa gaɓa washegari, ko ya aika masa saƙon murya ta WhatsApp, ya tambayi halin yatsunsa. Na biyu, ma'aji, da farashi a rubuce a bango cikin sefa da naira, domin baƙo daga tsallake ya san abin da zai biya. Na uku, mace mataimakiya da wurin zaman mata daban. Na huɗu, mai koyon sana'a wanda aka san iyakarsa, aka faɗa wa jama'a cewa ɗalibi ne, kuma ba zai ɗaura karaya ba sai maigida na tsaye. Na biyar, yarjejeniya da majo na cibiyar lafiya mafi kusa ko likitan asibitin gunduma, da lambar wayarsa a bango, da takardar turawa, ta yadda karayar da ƙashi ya fito waje, ta kusa da gaɓa, ta ƙugu da ta ƙashin baya za su wuce asibiti nan take.

Za a ce ina kuɗin? Mu sake yin lissafi, a matsayin misali kawai. A ce gida na karɓar mutum 40 a kowace ranar kasuwa sau biyu a mako, da mutum 15 a wasu ranaku huɗu. A mako huɗu mutum 560 kenan. Idan kowa ya biya dala 40, wato sefa 200, kuɗin kati, an tara jika 112. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne, don haka kuɗin ya biya ma'aikata biyu, ya bar jika 28 na littafi, sabulu, ƙyalle mai tsabta da katin waya. Ɗan dakon da ke asarar yini guda a layi ya san sefa 200 ba ta kai abin da yake rasawa ba. Muna jaddada cewa a biya ma'aikatan albashi tsayayye. Yaron ƙofar da aka bar shi da abin da ya samu, ba da daɗewa ba zai fara sayar da layi da sunan goro, a koma gidan jiya. Mai koyon sana'a kuma a yi masa irin abin da kuke yi wa yaran shago, a ƙayyade shekaru, idan ya cika a sallame shi a gaban shaidu ya buɗe nasa, wannan ma zai rage cunkoso.

Mun san ƙorafin da masu gidajen ke yi, kuma ba mu raina shi ba. Wasu na cewa sana'ar gado ce, shigo da bare zai fitar da sirrin gida. Amsa ita ce mai littafi da ma'aji ba su da hulɗa da haɗin magani ko addu'ar gida, kuma ana iya ɗaukar su daga cikin dangi idan an horar da su. Wasu na cewa aikin Allah suke yi, ba su yanka farashi. Wannan hali ne mai kyau, kuma littafi ba ya hana sadaka, sai ma ya nuna wanda ya cancanta a yafe masa. Wasu na tsoron cewa da zarar an rubuta sai masu haraji su biyo sawu. Wannan tsoro gaskiya ne, shi ya sa muke kira ga magadan gari da kada su mayar da rajista hanyar tatsa, domin duk wanda aka hukunta saboda ya yi abu a fili, gobe zai yi shi a ɓoye. Akwai kuma masu ganin tura mutum asibiti zubar da girma ne. Mu a wurinmu mai ɗorin da ya ce wannan ta fi ƙarfina shi ne gwani, kuma littafin nan shi zai wanke shi ranar da aka zarge shi da abin da bai yi ba.

Ɗakunan gashin ƙashi na zamani, na gwamnati da masu zaman kansu, su ma wannan magana ta shafe su. Sau da yawa ma'aikaci ɗaya ne a ɗaki, shi ne mai yanka tikiti, shi ne mai share gado, mai shanyewar jiki da ya kamata ya zo sau uku a mako sai a ce ya dawo bayan kwana goma. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da masu larurar jiki nan da 2030, kuma ƙarancin ma'aikata na cikin manyan matsalolin da ta lissafa. Horar da likitan ƙashi yana cin shekaru masu yawa, amma mai karɓar baƙi da mai riƙe littafi ana iya horar da su cikin makonni.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya da hukumominta na jihohi su shirya gajeren horo da Hausa ga mataimakan gidajen ɗori da tausa, a kan tsabta, rubutu, alamomin haɗari da riƙe sirri, su kuma fitar da kati iri ɗaya da za a gane a asibitocin ɓangarorin biyu na iyaka. Ranar 31 ga Agusta ta kowace shekara ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka, ya kamata a riƙa fitowa daga bikin da abin da ya fi jawabi. Muna kira ga sarakuna su tara masu ɗori na ƙasarsu a yi yarjejeniya kan karayar da ba za a riƙe a gida ba. Gidajen rediyo kuma su daina karɓar tallar duk wanda ya ce yana warkar da kowace cuta, domin tallar da ke tara mutum ɗari a gidan da ba zai iya kula da ashirin ba tana da hannu a abin da zai faru.

Babban kiranmu dai gare ku ne, ƴan kasuwa da shugabannin sandika. Ku ne ke da asusu, ku ne ke da tsari, kuma a bayan ƴan dako dukiyarku ke hawa mota. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin maigadi da na share kasuwa za ta iya gina rumfa da benci a ƙofar mai ɗori, ta biya albashin mai littafi na wata shida kafin gidan ya tsaya da ƙafarsa, ta kuma ajiye wani abu na motar gaggawa. Ku sa a riƙa ɗaukar buhu mai kilo 100 mutum biyu, ko a tura shi a baro, ko a koma ƙunshin kilo 50. Idan yaronka ya karye a bakin aikinka, kada ka miƙa masa jika ɗaya ka juya baya, ka bi shi ka ga inda aka kai shi, ka tambayi ranar dawowa. Idan kuma kai ne mara lafiyar, ka tambayi wanda zai taɓa ka, maigida ne ko ɗalibi, ka nemi a rubuta abin da aka yi maka.

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu ɗorinmu sun daɗe suna ɗauke da ita su kaɗai, yanzu kuma ta yi nauyi. Muna fatan kafin kakar bana ta shigo, lokacin da lodi ke ƙaruwa, za mu ji kasuwar da ta fara wannan gyara, domin sauran su yi koyi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a nemanmu.